Labarin Malam Kraft, da Yadda Bishara Ta Koyi Hausa

A sauran shafofin littafin nan na jubili za ku karanta labarin ginin ɗakin sujada, da na dattawan da suka riƙe aikin Buokrom tun yana ƙarami. Mu kuwa wani abu dabam aka ɗora mana. Kowace Lahadi mu kan buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, mu karanta, mu yi addu'a da Hausa, ga shi kuwa yawancinmu ba Hausawa ba ne. Akwai Farafara a cikinmu, da Kusasi, da Busanga, da Mosi, da Dagomba. Waɗanda kakanninsu suka fito Kano ko Katsina ba su cika benci biyu ba. To, ƙaƙa aka yi Hausa ta zama bakin da mu ke jin bishara da shi a tsakiyar ƙasar Asante? In kuma mun yi wa'azi da ita, abin da muka faɗa shi ne maƙwabtanmu su ke ji? Akwai wani malami Ba'amurke, Charles Kraft, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kan tambayar nan ta biyu. Ba a Kumasi ya yi aiki ba, amma da Hausa ya fara, abin da ya koyar kuwa ya shafe mu ƙwarai. Kafin mu kai gare shi sai mu amsa ta fari, mu fara da goro.

Goro ne ya jawo Hausa ƙasar nan. Tun Turawa ba su zo ba, fataken Kano da Katsina su kan yi ayari da jakuna, su yi watanni a hanya, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Su kawo kanwa da riguna da fatu, su koma da goron kurmin Asante. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta, ikon Asante bisa Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu. A 1896 aka kama Sarki Prempeh, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, cikin sojan da Ingilishi suka zo da su kuwa akwai masu jin Hausa da yawa. Daga nan zango ya kafu sosai a Kumasi, ya yi ta girma. Bayan fatake sai ga 'yan ƙwadago daga arewa, masu neman aiki a gonakin koko da ramin zinariya na Obuasi. Mutumin Bolgatanga ba ya jin bakin mutumin Tumu, mutumin Tumu ba ya jin na mutumin Yendi. Suka haɗu a gidan haya ɗaya da famfo ɗaya, Hausa ta zama ta kowa. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna tare da Mosin zangon Kumasi, ta buga littafi a kansu a 1978, ta nuna yadda 'ya'yan da aka haifa a nan suka tashi da Hausa a baki fiye da bakin iyayensu. Mu dai ba sai littafi ya gaya mana ba, gama a gidajenmu abin ya faru.

Ekklesiya kuwa ta wata ƙofa ta shigo Kumasi. Ramseyer na Mishan Basel, wanda Asante suka kama a 1869 suka tsare har 1874, ya komo a 1896 ya kafa aiki. Littafi Mai Tsarki na bakin Asante, watau Twi, ya riga ya fito tun 1871 ta hannun Christaller da abokan aikinsa 'yan ƙasa. Saboda haka mutumin arewa da ya sauka Kumasi ya tarar an yi rabo: Twi ta coci, Hausa ta zango da masallaci. Har wa yau in mutumin Asante ya ji kana Hausa sai ya ɗauke ka Kramo, watau Musulmi. In maƙwabcinka Musulmi ya gan ka da Littafi Mai Tsarki na Hausa sai ya juya shi yana mamaki. A tsakanin nan biyu mu ke zaune.

Littafin da ke hannunmu yana da nasa tarihi. A 1841 Ingilishi suka aiki jiragen ruwa su bi Kogin Kwara, a ciki akwai ma'aikatan C.M.S. biyu, Bajamushe J. F. Schön da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar nan. Schön ya tsira, ya komo da tabbaci a ransa cewa Hausa ce za ta kai bishara nesa, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmominta. Bai taɓa taka Kano ko Sakkwato ba. Sa'an nan a 1855 matafiyin nan Barth ya koma Ingila da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga wajen Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi. Shi ya zauna a gidan Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, dattijon yana rubutawa. Ku duba wannan da kyau. Mutum mai shekara fiye da 50, mai karatu, ya zauna gaban yaron da bai kai 20 ba yana tambaya tasa, yaro yana gyara masa baki. A 1857 Bishara ta Matiyu ta fito da Hausa, a 1862 nahawu, a 1876 ƙamus. A 1884 Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa. Dorugu ya komo ƙasarsa, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Shi ba wanda ya ba shi digiri.

A ƙasarmu ma haka aka yi. Adam Mischlich, wanda ya fara da aikin Mishan Basel ya zama jami'in Jamus a Kete-Krachi, ya zauna gaban Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano wanda ya baro Salaga bayan yaƙi, a 1906 kuma ya buga ƙamus na Hausa. R. S. Rattray, jami'in Ingilishi a ƙasar Asante, ya sa Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, aka buga su littafi biyu a 1913. Malaman nan biyu Musulmi ne, ba mu kuwa ɓoye wannan. Sa'ad da Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar Likita Miller na Zariya da waɗansu da yawa, ya fito cike da kalmomin da malaman Musulmi suka daɗe suna koyarwa da su: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, sujada. Ba yadda za a yi a guje musu, gama su ne Hausa. Amma kowace kalma ta shigo da kayanta a ka, a nan kuwa labarin Kraft ya ke farawa.

An haifi Charles Kraft a Amurka a 1932. Ya yi karatun ilmin al'adun mutane a kwalejin Wheaton, a 1957 ya tafi Nijeriya tare da matarsa Marguerite, su yi aiki tare da Mishan 'Yan'uwa. Aka tura su wurin Kamwe, waɗanda a ke kira Higi a lokacin, a duwatsun wajen Michika, cikin Jihar Adamawa ta yau. Kamwe kamar mu su ke, ba Hausawa ba ne, suna da bakinsu, amma ba su da Littafi Mai Tsarki da shi tukuna, sai Hausa ta zama gada. Kraft da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya tambayi shugabannin ekklesiyar wurin abin da ya fi damunsu, suka ce aljannu. Ya rasa abin da zai ce musu. An koya masa Helenanci da tauhidi a makaranta, amma ba wanda ya koya masa abin da zai gaya wa mutumin da ke tsoron maita da dare. Ya ga kuma ana hana mai mata biyu baftisma sai ya saki ɗaya, ya ga inda sakakkiyar ta ke ƙarewa da 'ya'yanta, abin ya dame shi. Ra'ayinsa a kan wannan ya saɓa da na Turawan mishan da yawa na zamanin. A 1960 ya koma gida.

Shekara uku kaɗai ke nan, amma su ya yi ta tuƙa har tsufansa. A 1963 ya sami digirin dokta a Hartford, bincikensa kuwa a kan yadda a ke gina jimla ne a Hausa. Ya koyar da Hausa a jami'ar Jihar Michigan, sa'an nan a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. A 1973 shi da A. H. M. Kirk-Greene suka buga littafin koyon Hausa wanda Turawa da yawa suka fara da shi, a 1981 kuma ya fitar da littafi uku na kalmomin harsuna 'yan'uwan Hausa. Amma aikin da aka fi saninsa da shi ya fara a 1969, sa'ad da aka kira shi makarantar tauhidi ta Fuller a Pasadena, sashen horar da masu aikin mishan wanda Donald McGavran ya kafa a 1965. Can ya zama farfesan ilmin al'adu da isar da magana tsakanin al'ummai, ya yi fiye da shekara 30 yana koyar da fastoci da masu bishara daga ƙasashe da yawa. Babban littafinsa, Christianity in Culture, ya fito a 1979, wani kuma a kan isar da magana cikin shaidar Kirista ya bi baya a 1983.

Me ya koyar? Gindin maganarsa shi ne, ma'ana ba a cikin kalma ta ke zaune ba kamar ruwa a tulu, da za ka ɗauka ka miƙa wa mutum yadda ta ke. Kai dai kalma ka ke furtawa, mai ji shi ke ɗora mata ma'ana daga abin da ya riga ya sani. Saboda haka mai wa'azi bai gama aikinsa ba don ya faɗi gaskiya, sai ya bincika abin da ya sauka a kunnen mutum. Wannan ya koya daga Eugene Nida, masanin fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya ce fassarar kirki ita ce wadda za ta taɓa mai karatu na yau kamar yadda maganar ta taɓa waɗanda suka fara jinta, ko da ba a bi kalma da kalma ba. Kraft ya ƙara gaba, ya ce ekklesiya ita ma fassara ce. Ya kan raba siffar abu da ma'anarsa. Mu a Kumasi ba mu da wuyar gane wannan. In Bature zai girmama babba sai ya miƙe tsaye ya cire hula. Bahaushe ya cire takalmi ya tsuguna, hularsa tana kansa. Mutumin Asante ya sauke mayafi daga kafaɗa a gaban sarki. Girmamawa ɗaya ce, siffa uku. Wanda ya tilasta wa Bahaushe ya cire hula ya tsaya ƙiƙam a gaban Allah, yana tsammani ladabi ya koya masa, alhali a idon mutumin rashin kunya ya sa shi. Kraft ya kan kai maganar har ga Ubangijinmu. Allah bai tsaya daga sama yana aiko da saƙo kaɗai ba, ya zo da kansa, aka haife shi cikin kabila ɗaya, ya yi bakin mutanen Galili, ya ci abincinsu. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Mun ga gaskiyar wannan da idonmu tun ba mu san sunan Kraft ba. Wata rana da yamma muna wa'azi a bakin hanya tsakanin Buokrom da Moshie Zongo, muna kiran mutane su tuba. Akwai wani tsoho mai gadi, mutumin wajen Bolgatanga, mai bin addinin kakanninsa, ya kasa kunne har muka gama. Da mutane suka watse ya matso ya ce, "Malam, maganarka ta yi daɗi, amma ni na tsufa da tuba. Ba ni iya azumin wata guda, ga shi kuma ina shan fito." Muka ce, "Baba, wa ya yi maganar azumi?" Ya ce, "Ai kai ka ce a tuba." Sai muka gane. A zango in an ce wane ya tuba, Musulmi ya zama, tubabbe kuwa sabon Musulmi ne. Tsohon nan ya tsaya sa'a guda yana tsammani muna kiransa masallaci. Ba laifinsa ba ne, Hausarsa daidai ta ke. Mu ne muka ɗauko kalma daga littafi ba mu tambayi abin da ta ke ɗauke da shi a kan titi ba.

Da muka fara kasa kunne sai muka tarar ba ita kaɗai ba ce. In muka ce tsarki, maƙwabcinmu buta ya ke gani. In muka ce ceto, ya tuna da roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama. In muka ce Ruhu Mai Tsarki, wanda ya yi karatun allo ya kan ɗauka Mala'ika Jibrilu mu ke nufi. In kuwa muka ce Ɗan Allah ba tare da bayani ba, abin da ya ke ji shi ne Allah ya yi aure ya haihu, ya toshe kunne yana neman tsari, mu ma kuwa da abin da mu ke nufi ke nan da mun toshe namu. Ba mu jefar da kalmomin nan ba, ba mu kuwa da ikon jefar da su. Abin da muka koya shi ne mu tsaya a kan kowace ɗaya, mu ba da misali, sa'an nan mu ce wa mutum ya maimaita mana abin da ya ji da bakinsa. Wa'azi ya kan yi tsawo ta haka, wani lokaci kuma mu kan ji kunya da abin da ya komo mana.

Kada ku ce mun mai da Kraft annabi. Littafinsa na 1979 ya ta da ƙura a Amurka, har a 1985 wani ya rubuta littafi musamman yana tambaya ko Kraft yana cikin masu riƙe da bishara har yanzu. Masu sukarsa sun ji tsoron kada a yi ta sassauta magana domin mai ji har gaskiya ta narke, tsoron nan kuwa ba na banza ba ne. Akwai abin da mutum zai ji sarai, ya gane sarai, ya ƙi, gicciye kuwa yana cikinsu. A batun mai mata biyu dattawanmu ba su bi shi har ƙarshe ba, ko da ya ke ba wanda ya taɓa zama da uwargidan da aka kora domin a yi wa mijinta baftisma da zai ce maganar mai sauƙi ce. Daga 1982 kuma Kraft ya juya ƙwarai ga addu'ar warkarwa da fitar da aljannu, a 1989 ya rubuta littafi a kan ikon Allah. Watau bayan shekara kusan 30 ya komo ga tambayar da Kamwe suka yi masa. Mun yarda tambayar tana bukatar amsa, gama mu ma an yi mana ita a nan Buokrom ba sau ɗaya ba. Amma mu da ke Kumasi, inda mu ke ganin masu kiran kansu annabawa suna sayar da mai da ruwa, dole mu yi taka tsantsan fiye da mai koyarwa a Pasadena.

Ba Turawa kaɗai suka bi hanyar ilmin nan ba. Lamin Sanneh, haifaffen Gambiya a 1942, ɗan gidan Musulmi ne wanda ya bi Almasihu kamar waɗansunku. Ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon, daga baya ya zama farfesa a Yale ta Amurka, ya rasu a 2019. A littafinsa na 1989 ya nuna cewa duk inda aka juya Littafi Mai Tsarki cikin bakin mutane, an ba su makamin da za su auna Bature da kansa, su ce masa nan ka yi daidai, nan kuwa al'adarku ce kawai. Muna ambatonsa domin 'ya'yanmu masu zuwa jami'a su san ƙofar nan a buɗe ta ke.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Hausar da ta zama gada ga kakanninmu tana iya zama bango ga waɗansu, mu kuwa mu zama kamar Turawan da mu ke ba da labarinsu. 'Yan matan nan da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia, yawancinsu daga ƙasar Dagomba da Mamprusi suka fito. In ɗaya ta shigo sujadarmu ta kan zauna a baya, ta miƙe in an miƙe, ta zauna in an zauna, ta fita ba ta ji kome ba sai Amin. Ma'aikatan fassara na Tamale da na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki sun riga sun juya Maganar Allah cikin harsunan arewa da dama, amma kwafi nawa ke cikin akwatin ɗakin sujadarmu? Ga kuma 'ya'yanmu na cikinmu. Suna Twi a titi, Turanci a makaranta, Hausar zango a gida, wadda ba ta damu da raba "ya" da "ta" ba. In an ba su Littafi Mai Tsarki na Hausa su karanta a gaban jama'a sai su yi ta tuntuɓe, mu kuwa mu kan yi musu dariya maimakon mu zauna mu ji yadda su ke faɗin abin da bakinsu.

Saboda haka dattawa sun shirya, a sujadar jubili za a karanta labarin ranar Fentikos daga Ayyukan Manzanni sura 2 da Hausa, da Twi, da Farafara, da Kusal, da Dagbani. Mun sami masu karatu huɗu. Na Dagbani ne ba mu samu ba tukuna. Wanda ya iya, ko ya san wanda ya iya, ya ga mai bishara bayan sujada. Ku yi addu'a kuma domin ajin karatun Hausa na yammacin Laraba, gama yara shida ne kaɗai su ke zuwa, malaminsu kuwa idonsa ya fara rauni.